Ƙullin Kabo

Kabo dillali ne ya sayar da ni. Ba gida ya sayar mini ba, ba gona ba. Ni ɗin nan da kaina ya sayar, ya karɓi kuɗinsa, ya sa a aljihu. Yanzu duk kasuwar Gaya Alhaji Kabo ake ce masa, amma ni bakina ba zai faɗa ba, domin na san shi tun yana yawo da takalmin taya, yana bin mijina a kara, kasuwar shanu, yana roƙon a bar shi ya riƙe igiyar sa a ba shi sisi.

Sunana Gaji. Mu mutanen Gafasa ne, masu shanu, kafin fari ya mai da mu masu labarin shanu. Mijina Bappa ya rasu a shekarar da aka sauya kuɗi, fam ya koma naira, ya bar mini shanu huɗu da ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Ɗa namiji ba ni da shi a raye. Wadda nake da ita ƙanwata ce Barira, wadda ƙafafunta suka shanye tun haihuwarta ta ƙarshe. Dangin Bappa suka ce za su kora abin da ya rage su yi kudu, na ce su gaida kudu, ba zan ɗora gurguwa a kan jaki wata biyu ba. Na sayar da shanu uku, na bar karsana ɗaya. Abin da nake nema ɗan fili ne a gefen Gaya, inda zan yi ɗaki biyu, in kafa turke, in riƙa kai fura kasuwa. Shi ke nan.

Kafin Bappa ya cika ya ce mini in wani abu ya taso in je wurin Kabo, ya ci tuwonmu ba sau ɗaya ba. Na je da bazara. Na same shi a rumfarsa kusa da tasha, a kan buzu, da rediyo a gefe. Ashe ya daina harkar ƙananan filaye, sai kantuna da gidajen kwano na masu awon gyaɗa. Ya yi mini ta'aziyya har da sunkuyar da kai. Ya tambaye ni nawa ke hannuna, na faɗa. Ya tambaye ni wa zai raka ni ganin wuri, na ce ba kowa. Ya tambaya ko ina da ɗa a birni, ko soja, ko wani mai aikin gwamnati a dangi. Sau uku ya juya tambayar nan, ni kuwa na ɗauka tausayi ne.

Daga nan ya ce a Gaya kuɗina ba zai sayi ko makewayi ba, amma yana da ɗan'uwa a Ajingi, Badaru, wanda zai riƙe ni kamar uwarsa. Ya buɗe ganyen goro, ya tsallake farare, ya ɗauki ja guda ɗaya, ya danna shi da farcen babban yatsa kamar mai duba ko ɗanye ne. Ya yagi zaren kaba, ya naɗe goron, ya yi masa wani ƙulli mai kunne biyu. Ya ce in kai wa Badaru gaisuwa, kada in kwance.

Na ƙulle goron nan a bakin zanena kamar zinariya.

Badaru sai da ya dubi goron kafin ya dubi fuskata. Ya ce kash, da na zo jiya. Ya ƙara nasa ƙullin a ƙarƙashin na Kabo, ya tura ni Toranke wurin wani Datti. Datti ya zare goron, ya jefa a baki, ya yar da kabar a ƙasa da ƙullinta. Mu masu shanu ba mu wuce igiya a ƙasa, ko ta kai tsawon yatsa. Na duƙa na ɗauka, na ɗaure bakin kwalbar man shanuna da ita.

Filin da ya nuna mini yana bayan gari, ciyawarsa kore shar a lokacin da ko'ina ya ƙone. Ni ba yarinya ba ce. Na ga ƙasar baƙa ce, ta tsattsage, na ce masa nan kamar ruwa na kwanciya. Ya yi dariya, shaidu biyun da ya kawo suka taya shi. Ya ce, “Iya, wane ruwan? Shekara uku muna roƙonsa ba mu gan shi ba. In ya zo gidanki ki kira mu mu ɗiba.” Kwana uku ke nan ina hawa mota ina sauka, na bar Barira a hannun mutane. Kuma na ce a raina, wanda Kabo ya tura ni gare shi ba zai cuce ni ba. Na biya kuɗin fili, na biya la'ada, sule a kowace fam, kamar yadda aka saba. Na yi ɗakuna biyu, na ɗauko Barira muka tare.

Ruwa ya dawo bana. Ya yi kwana biyu yana zuba, a rana ta uku da hantsi bangon ɗakin Barira ya zauna kamar raƙumi. Na goye ta, ni da shekaruna sittin, na ratsa ruwa har ƙugu. Yanzu kwaɗi ne ke kwana inda na kafa gadona. Wata baiwar Allah a Toranke ta ba mu ɗakin da take ajiye gyaɗa, ta ce mu zauna har a tuge ta bana. Gyaɗa kuwa ganyenta ya fara ja. In aka tuge, ban san inda zan ajiye Barira ba.

Mai filin na asali, wani tsoho Hamma, ya zo da kansa da damin gero a ka. Ya rantse ya gaya wa Datti wurin kwari ne, a nemo masa mai noman shinkafa ko masu yin tubali, kuma Datti ya ce masa manomin shinkafa ne ya saya. Na ƙura masa ido in ga ko zai kawar da kai, bai kawar ba. Kuɗin kuwa ya riga ya shiga iri da haraji. Datti shi ma ba ya nan, an ce ya bi motar goro ya yi Kurmi tun ruwan farko.

To, Datti ɓarawo ne, na yarda. Amma ni ban san Datti ba. Kabo na sani.

Yau, ranar kasuwar Gaya, na tashi da asuba, na dama wa Barira kunu, na ajiye mata ruwa inda hannunta zai kai. Na kwance kabar nan daga bakin kwalba na ƙulle a zane. Ta tambaye ni me zan yi da tsinken kaba, na ce ni ma ban sani ba tukuna.

Na fara tsayawa a Ajingi. Badaru na zaune a gindin ɗorawa yana aski. Da ya hango ni sai ya ce wa wanzamin ya juya shi ya fuskanci gabas, wai rana na dukan idonsa. Na zagaya na tsaya a gabas ɗin. Ya yi mini jaje da rabin kai a aske, ya ce labarin ya iso shi, ya kwana bai yi barci ba. Na ce ban zo jin barcinsa ba, na zo a ba ni fili a kan tudu ko a mayar mini da kuɗin shanuna. Ya ce ai shi bai sayar mini da komai ba, hanya kawai ya nuna mini, wanda ya nuna hanya kuwa ba shi ya haƙa ramin da ke cikinta ba. Na tambaye shi ko a cikin la'adar da na biya akwai abin da ya shigo hannunsa. Ya ce wa wanzamin ya yi a hankali, askar ta dakushe.

Da na juya zan tafi ya kira ni. Ya ce ya ji har yanzu ina da karsana ɗaya. In na sayar da ita, yana da wani mutum a Balan mai fili a kan jigawa, ko ruwan Annabi Nuhu ba zai kai can ba. Ya fara laluben aljihunsa, na san goro yake nema. Ban tsaya ba.

Motar katako ta sauke ni a Gaya rana ta take. Rumfar Kabo ta ƙara girma, an yi mata rufin kwano, an buɗe ƙofa a baya zuwa wani ɗan kanti. Mutum uku na zaune da shi, masu manyan riguna. Na yi sallama na tsaya, ban durƙusa ba.

Ya dube ni kamar mai tuna mafarki. Ya ce, “Goggo, daga ina?”

“Daga inda ka tura ni.”

Ya ce mutane da yawa suna zuwa wurinsa, in yi haƙuri in tuna masa. Na tuna masa da Bappa, da tuwon dawa da miyar kuka da ya sha a rugarmu, da ranar da sa ya ja shi a ƙasa har wandonsa ya yage Barira ta ɗinke masa. Ɗaya daga cikin masu rigunan ya rufe baki da hannun riga. Kabo ya ce Allah ya ji ƙan Bappa, mutumin kirki. Amma maganar fili, shi bai tuna ya tura ni ko'ina ba. Wataƙila ya ambaci sunan Badaru a cikin hira, kamar yadda mutum kan ce akwai rijiya a gaba. Datti kuwa ko a hanya suka haɗu ba zai gane shi ba. Ya ciro sule biyu ya miƙo mini, wai kuɗin mota.

Na bar hannunsa a miƙe. Hannuna na kan ƙullin zanena, amma ban kwance ba. Na san in na fito da kabar a lokacin, zai ce kaba ai ko'ina akwai ta, a yi dariya, in koma Toranke da dariyar. Na juya na tsallaka hanya, na zauna a inuwar wata mai tallan kwanuka da zannuwa, inda nake hango bakin rumfarsa.

Matar ta bar ni na huce, sannan ta tura mini ƙwaryar ruwa da ƙafa. Ta ce sunanta Hansai, dillaliya ce ita ma, ta kayan ɗaki, shekararta ashirin a wannan gurbin. Ta ce, “Ke Bafillatana, da wannan fuskar ko nono kika kawo sai ya tsinke. Me Alhaji ya yi miki?” Na ce ban san wani Alhaji ba. Ta yi dariya har ta buga cinya. Ban so dariyar ba, kuma ban so yadda ta matso ba, amma na kwance zanena na nuna mata.

Ta karɓi kabar, ta juya ta sau ɗaya. Ta ce ƙullin sama mai kunne biyu na Kabo ne, duk dillalin da ke tsakanin Gaya da Ajingi ya san shi. Na ƙasa na Badaru. Ta ce haka suke yi. In mutum ya zo wurin dillali da buƙatar da ba ta kai ya tashi daga buzu ba, ba ya korarsa, domin korarre ba ya kawo ko anini. Sai ya tura shi gaba da goro. Duk wanda ya yi ciniki a ƙarshe zai raba la'ada da masu ƙulli, kowa da kasonsa, kuma na farko ya fi tsoka. Shi ya sa ake cewa kada a kwance.

Sai ta tambaye ni goron fari ne ko ja. Na ce ja. Ta tambaya ko ya taɓa shi da farce.

Na ce ya danna shi, don ya zaɓar mini mai kyau.

Hansai ta daina dariya. Ta ce fari na mai kuɗi ne, ko mai mutane a bayansa, a nuna masa abin kirki don zai dawo. Ja na talaka ne. Ja mai farce kuwa, ta rage murya, na wanda ba shi da mai tsaya masa ne. Saƙon shi ne, duk abin da ya daɗe a hannunka ya ƙi sayuwa, ga inda za ka sauke shi.

Na tuna tambayar nan da ya yi mini sau uku. Na tuna yadda na riƙa taɓa bakin zanena a mota don in tabbata goron bai faɗi ba. Ni na ɗauki takardar sayar da ni da hannuna, na biya kuɗin mota, na kai ta har gida biyu, ina gaishe su.

Na tambayi Hansai me ya sa take gaya mini. Ta ce don Allah. Na ci gaba da kallonta. Ta ce to, kuma shekara biyu da suka wuce ta kawo wa Kabo wani mai sayen gida ya hana ta kasonta. Wannan na fi yarda da shi.

Ta ce abin da ya kamace ni ƙara ce a gaban alƙali, kuma ƙara ba ta tafiya sai da takarda. Akwai wani malami da ke zama a bakin kotu da akwatin rubutu, ya iya tsara magana, in na ce ita ta turo ni zai rage mini. Tana magana hannunta na shiga ƙarƙashin faifai. Ta fito da goro, ta ce in kai masa gaisuwa.

Na karɓa na juya shi ciki da bai. Fari ne, babu farce. Na mayar mata da shi kan faifan, na ce na gode da ruwa.

Ina nan zaune har masu rigunan biyu suka tashi, saura ɗaya. Sai ga wata mata ta zo rumfar, ba ta kai ni shekaru ba, mayafinta na takaba bai daɗe da sauka ba, ana gani a yadda take tafiya a gefen hanya. Ta durƙusa. Daga inda nake ba na jin magana, amma na ga Kabo ya sunkuyar da kai. Na ga ya yi tambaya ta girgiza kai, ya sake yi ta sake girgizawa. Na ga ya jawo ganyen goro.

Na bari sai da ta ƙulle shi a zane ta miƙe, sannan na tsallaka na tare ta a bakin rumfar, inda shi da baƙonsa da masu jiran mota duk za su ji. Na tambaye ta sunanta, ta ce Hanne, daga Balan. Mijinta ya rasu, an raba gado, tana neman inda za ta zauna da 'ya'yanta mata. Na ce ta kwance zanenta. Ta dubi Kabo. Ya ce kada ta kula ni, tsohuwa ce da ruwa ya ci gidanta, kanta ya ɗan taɓu.

“Ɗazu ba ka san ni ba. Wa ya gaya maka ruwa ya ci gidana?”

Na juya masa baya. Na ce wa Hanne, kafin ta kwance, ni zan faɗi abin da ke ciki. Goro ne ja, an naɗe shi da kaba, ƙullin yana da kunne biyu, kuma in ta duba gefensa za ta ga shaidar farce kamar jinjirin wata. In ba haka ba ne a kira ni mahaukaciya har in mutu.

Ta kwance. Mutane suka matso. Wani mai sayar da rake ya karɓa ya ɗaga sama ya ce ga farcen kuwa. Na ajiye tawa kabar kusa da tata a tafin hannunsa, ƙulli ya yi daidai da ƙulli, kamar uwa ɗaya ta haife su. Na faɗa musu abin da farcen yake nufi, da ƙarfi, ban rage ko kalma ba. Na hango Hansai a can tana gyara kwanukanta kamar ba ta taɓa ganina ba.

Kabo ya gyara zama. Ya ce jama'a su yi masa adalci. Shi bai taɓa taka filin Toranke ba, bai karɓi kuɗin fili ba, bai yi shaida ba. Taimako ya yi, ya haɗa mabuƙaci da mai abu, wannan kuwa sana'a ce tun kakanni.

“Kason la'adata ya zo hannunka ko bai zo ba?”

Ya ce wannan magana ce ta tsakanin dillalai.

“Ya zo ko bai zo ba?”

Ya dubi rediyonsa. Baƙon nasa mai babbar riga ya sa hannu a aljihu a hankali, ya fito da wani goro fari naɗe da kaba, ya juya shi yana dubawa, ya ajiye a kan buzun, ya sa takalmansa ya tafi ba sallama. Hanne ta ajiye nata kusa da shi. Kabo ya ce lokacin azahar ya yi. Ya tashi ya shige kantin baya, na ji ya sa sakata.

Na cire takalmana na hau buzun na zauna. Ban taɓa zama a kan buzun namiji ba, yana da laushi. Mutum biyu sun zo nemansa kafin la'asar, kowanne na nuna masa goro biyu da kaba uku, na ba shi labari tun daga Gafasa. Mai raken ya ce in yi haƙuri in tafi, motar Ajingi ta ƙarshe ta kusa tashi. Na ba shi saƙo ya gaya wa direba, a faɗa wa matar da ta ba mu ɗaki ta duba mini Barira, ta ba karsana ruwa.

Ba sule biyu nake nema ba, kuma kada wanda ya sake miƙo mini goro. Datti ya gudu, Badaru ya ce hanya ya nuna, Hamma ya ce shinkafa ya ce. Kowa ya ci, ba wanda ya yi. To, ƙullin farko naka ne, Kabo, farcen ma naka ne, kuma ina jin tarinka a bayan ƙofar nan. An kusa tuge gyaɗa. Ka fito ka gaya mini a gaban mutanen nan inda zan kwantar da Barira.